Saiwar Jinsen ta Alhaji

Talata da dare, cikin Rajab

Hafsatu, 'yar ƙanwata da ke karatun haɗa magani a jami'a, ta zo bayan la'asar da sakamakon gwajin garin jinsen ɗin da mijina Alhaji yake sha kafin ya rasu, saiwar nan ta China da ake cewa tana ƙara ƙarfi.

Ta ce sun jiƙa garin, suka tace shi ta cikin doguwar kwalba, sinadaran suna ɗigowa ɗaya bayan ɗaya, kowanne da kamanninsa. Na jinsen sun fito, amma kaɗan. Sai wani baƙo ya biyo baya, maganin bature mai saukar da hawan jini, wanda ba ya tsirowa a jikin kowace saiwa.

"Mma, mai shan maganin zuciya bai kamata ya taɓa shi ba. Ina sauran?"

Ranar sadakar bakwai, da ake raba 'yan kayansa, Yaya Sule, wan Alhaji, ya ɗauki gwangwanin garin, ya ce zai riƙa tunawa da ƙaninsa. Shi ma ciwon zuciya gare shi kamar Alhaji, yana shan magani. Mun yi ta kiran wayarsa, a kashe take.

Ina cikin takaba, ban taka ƙofar gida ba tun jana'iza. Amma Yaya Sule yana haɗa shayinsa ne da ya dawo daga sallar asuba, kuma a shayi ake zuba garin. Hafsatu ta yi magana da mai tasi, kafin kiran salla za mu kama hanyar Buokrom, inda yake zaune.

Alhaji, ka yafe mini wannan fitar. Yayanka zan je in tsayar kafin ya sha.