Ruwan Famfon Ɗakin Mata da Hannun Innata

Zuwa ga Babban Likita, shugaban asibitin da innata take kwance.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, ya aiki, ya iyali? Sunana Rabi, daga ƙauyenmu Turawa. Ni ce yarinyar da take sunkuyar da kai a gadon ƙarshe idan ka zo zagaye. Na kasa yi maka magana, shi ya sa na rubuta. Karatuna na firamare ne, a yi haƙuri.

Na ɗaya. Ciwon suga ya cinye ƙarfin jikin Inna. Da aka kwantar da ita, an sa mata allurar ƙarin ruwa a bayan hannu, an manna filasta. Inna ba ta wasa da salla. Sau biyar a rana nake ɗebo ruwa a famfon ɗakin mata in yi mata alwala, har filastar ta jiƙe. Ba wanda ya hana ni.

Na biyu. Kwananmu shida zazzaɓi ya rufe ta, tana karkarwa, ba ta gane ni. Ƙaramin likita ya ce ƙwayoyin cuta ne masu zama a ruwa suka shiga jininta, kuma masu raunin jiki irinta suka fi kamawa. Ya tambaya ko wurin allurar yana jiƙewa. Sai yau nake ba da amsa: ni ce nake jiƙa shi.

Na uku. Na zagaya na ga tankin da ke ba famfon ruwa. Murfinsa a fashe yake, bakinsa ya yi kore, tantabaru na sauka a kai.

Ba a sallame mu ba, Kano ta yi mana nisa, kuma babu wani ruwan. Ko da safen nan da shi na goge mata jiki, na ɗaure hannun da leda ina tsoro.

Roƙona, a wanke tankin a rufe shi. A gaya wa masu jinya kada ruwa ya taɓa allurar. A kira liman ya faɗa wa iyayenmu cewa taimama ta halatta gare su, don Inna ta ce ba za ta ji wannan daga bakina ba.

Jiya aka kawo wata tsohuwa daga Gwangwan, da allura a hannu. Da azahar na ga 'yarta ta ɗauki buta. Na buɗe baki, muryata ta ƙi fita. Kai za su ji.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa albarka a hannunka, ya tashi kafaɗar Inna.

Wassalam.
Rabi, mai jinya a gadon ƙarshe.