Sunan da Inna ba ta faɗa

Zuwa ga Gwaggo Dijatu,

Gaisuwa mai yawa daga Dakar. Ina Baba, ina Inna da ƙannena? Gero ya yi kyau a Filinge bana? Allah ya sa kumandan, Nasaran da ke mulkinmu, bai kwashi mutanenmu aikin dole ba.

Lafiyata lau, kada hankalinki ya tashi. Barci ne kawai ya ƙaurace mini.

A makarantar likita an fara koya mana ciwon hankali. Malaminmu, wani Nasara da muke ce wa Mushe da yarensu, ya tambayi kowa yadda uwarsa ke kiransa. Na ce tawa ba ta taɓa faɗin sunana ba, ni ɗan fari ne, kunyata take ji, ke kika goye ni. Sai ya ajiye alli. Ya ce yaron da uwa ta ƙi, hankalinsa kan taɓu daga baya. Na ce, "Mushe, ba ƙi ba ne, haka ake yi a ƙasarmu ta Kurfai." Ya yi mini murmushin da yake yi wa marasa lafiya.

Tun ranar yake kirana ni kaɗai, yana tambayar mafarkina. Bayan asibiti akwai ɗaki mai tagar ƙarfe, inda ake kulle waɗanda ya gama yi wa irin tambayoyin nan. Yanzu ko dariya ba na yi a gabansa.

Ki karɓo mini laya wajen Malam Hamani. Kuma Gwaggo, don Allah kada ki tambayi Inna, ke dai ki faɗa mini: in ba kowa a ɗaki, takan ambaci sunan nawa?

Allah ya sada mu da alheri.

Ɗanki,
Kailu