Yankan Gwangwanin Madara

Zuwa ga mahaifina,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da Inna. Yaya ciwon gwiwar? Allah ya ƙara sauƙi.

Baba, kwana uku ke nan ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Injin tururin da ka bar mini a gidan katako ya tsaya, kuma ni na tsayar da shi.

Tun ina ƙarama kake nuna mini takalmin ƙarfen nan da ke zamewa tsakanin sanduna biyu. Ka ce su ke sa sandar fistan ta tafi ta dawo a miƙe, komai dannar da hannun da ke juya wilin injin zai yi mata. Ranar Asabar na kwance wurin, sai na tarar da yankan gwangwanin madara har goma sha ɗaya a ƙarƙashin sandar ƙasa. Na yi tsaki, na ce wannan ai dabarar tsofaffi ce, ni da na yi makarantar aikin. Na watsa su a kwandon shara, na ɗaure noti.

Ashe cin da ƙarfen ke yi kake cikewa da su, shekara da shekaru. Takalmin ya sauka, sandar fistan ta karkace, ta ci bakin silinda. Kafin la'asar tururi ya cika ɗakin, zarto ya tsaya a tsakiyar gungume.

Ba wannan ke hana ni sukuni ba. Manaja ya ga yankan a shara, ya ɗaga ɗaya a gaban ma'aikata yana dariya, wai ga tarkacen da tsoho ya yi shekara talatin yana cusawa, su suka kashe injin. Ina tsaye da sufana a hannu, Baba, na yi gum. Mai hura wuta, abokinka, ya dube ni sau ɗaya. Tun ranar bai ƙara ce mini "'yar gida" ba. Wallahi da ƙasa za ta tsage, da na shige.

Yau da safe na tara manaja da ma'aikata duka, na faɗi gaskiya. Manaja ya ce zai yi tunani a kan aikina. Ko ya kore ni, sunanka dai ya wanku.

Na tsinto goma daga cikin yankan na goge, ɗaya ya ɓata. Ban san kaurinsa ba, littafin makaranta kuma bai faɗa ba. Don Allah ka yafe mini, ka zo da almakashinka. Na sayi madara na juye a kofi, gwangwanin na nan yana jiranka.

A gaishe da Inna, amma kada ka gaya mata tukuna.

Taka har kullum,
Auta