Tambayoyi Ashirin don Jikata

Litinin, 3 ga Maris
Ɗana Likita ya kira. Ran sha biyar ga wata za su sauka, shi da matarsa da 'yarsu. Mako biyu za su yi! Shekarar yarinyar shida, a waya kaɗai na taɓa ganinta, kuma ba ta jin komai sai Sifaniyanci, yaren uwarta. Ya ce, "Baba, kada ka damu, zan yi muku tafinta." Na yi shekara talatin da ɗaya ina aikin jarida, na san abin da tafinta ke zubarwa a hanya. Ba zan yi hira da jikata ta bakin ubanta ba.

Alhamis, 6 ga Maris
Na sayi littafin koyo. Da tambayoyi na fara, su ne sana'ata. Quién, wa. Qué, me. Dónde, ina. Cuándo, yaushe. Por qué, don me. Su ne dai guda biyar da na yi ta cusa wa sababbin ma'aikata. Mutanen nan har a farkon jimla suke sa alamar tambaya, a kife, don mai karatu ya shirya. Editan kirki ne ya kafa wannan doka.

Talata, 11 ga Maris
Tambaya ashirin, na haddace su tsaf. Matata Hajiya ta same ni ina yi wa firji tambaya. Ta ce, "Edita, in ya amsa ka kira ni."

Asabar, 15 ga Maris
Sun iso. Yarinyar, goshin mahaifiyata ne da ita, sak.

Lahadi, 16 ga Maris
Na zaunar da ita a falo, na buɗe littafina. Sunanki? Ta faɗa. Shekarunki nawa? Ta ɗaga yatsu. A tambaya ta huɗu ta fara kallon ƙofa, a ta shida ta shige bayan uwarta. Hajiya ta ce, "Ka tasa yarinya gaba kamar wadda ta ci kuɗin gwamnati." Dariyar surukata ta nuna wannan ba ya bukatar fassara.

Wani abu kuma da ban hango ba: ta ba ni doguwar amsa a ta uku, ban tsinci ko kalma ɗaya ba.

Laraba, 19 ga Maris
Kwana uku tana zagaye ni. Saura goma.

Juma'a, 21 ga Maris
Ina gyaran tsohuwar tafiretata a baranda, sai na ji numfashi a kafaɗata. Ta nuna da yatsa: "¿Qué es?" Na gane! "Mene ne wannan?" Ita ce ta goma sha ɗaya a jerina. Amsa ce ban tanada ba. Na sa takarda, na kama yatsanta, muka buga. Da ƙararrawar ƙarshen layi ta kaɗa ta yi tsalle. "¿Por qué?" Na ce mata da Hausa, "Layi ne ya ƙare, Gimbiya." Ta ce, "Ƙare." Ƙ ɗinta ta fi ta ubanta fita.

Talata, 25 ga Maris
Ribbon, zaren tawadar tafireta, ya mutu, takarda ta ƙare. Ita ke tambaya yanzu, daga safe har la'asar. Ina amsawa da hannu, da Hausa, da kalma shida na yarenta. Jaridar yau tana nan a naɗe.

Asabar, 29 ga Maris
A bakin mota ta riƙe rigata, ta ɗaga kai: "Kaka, ¿cuándo vienes?" Likita ya buɗe baki, "Cewa take..." Na ce, "Na ji. Yaushe zan zo." Ya juyo ya kalle ni. Na durƙusa na ce mata sí, wato "eh", wadda ba amsar "yaushe" ba ce, na sani. Ta karɓa.

Litinin, 31 ga Maris
Gidan ya yi girma. Na biya ofishin fasfo da hantsi, don in san farashi kawai. Layin ba tsawo, shi ya sa na tsaya aka ɗauki hoton.