Matakala Ashirin da Biyu

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Gidajen Ma'aikata na kwalejin da ɗana ke koyarwa, a nan Daura.

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ina yi maka sannu da aiki, da fatan iyali suna lafiya. Ni ce Hajiya Ta-Dutsi, uwar malamin da kuka fitar daga gida mai lamba tara. Ɗan fari ne, ba na kama sunansa. Ku Dakta kuke ce masa. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, in ka ga layi ya karkace ka yi haƙuri, maganar dai a miƙe take. Shi ya rubuto muku sau uku da Turanci, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Na ce bari a gwada Hausa.

Na farko. A tsakiyar daminar bara kuka aiko takarda cewa za a gyara rufi, mu tashi na wata uku. Kwana bakwai kuka ba mu. Ko a ƙauyenmu ba a tada mutum cikin marka. Motar da kuka turo ba ta da rufi, ruwa ya tare mu a hanya. Dakta ya cusa takardun jarrabawar ɗalibanku cikin riga, ya bar littattafansa na shekara ashirin suna sha. Kwana huɗu muna shanyarsu kamar kuɓewa. Wasu har yau ba sa buɗuwa.

Na biyu. Gidan da ya samu a cikin gari bene ne, bayan tasha. Matakala ashirin da biyu, ni kuwa gwiwoyina sun daɗe da yin ritaya. Ranar tarewa maza biyu ne suka hau da ni kamar buhun gero. Tun daga nan sau ɗaya na taka ƙasa, shi ma asibiti aka kai ni. Taron suna da na biki duk a bakin mutane nake jinsu. Aminiyata ta shekara hamsin ta rasu, ta taga na ga an wuce da ita.

Daka ma ya gagara. Mai shagon kayan babur da ke ƙasanmu, Ibo ne mai ladabi, ya hau har sama ya durƙusa ya roƙe ni in daina, wai siminti na zubo masa a ka. Turmin da na zo da shi gidan aure yanzu kujera ne. Shi kuma Dakta da ƙarar janareto da ihun 'yan kamasho yake duba takardu, da asuba ya fita farautar keke napep. A da ƙafa yake takawa zuwa aji.

Na uku, wanda ya sa na ɗauki biro. Wata uku ya zama sha ɗaya. Surukata ta bi ta unguwar malamai, ta ga rufi sabo fil, ta ga labule a taga da shanya a igiya. An ba wani gidan. Lemun tsamin da na dasa da hannuna, inda na binne mabiyiyar jikokina uku, an sare shi an yi wa mota rumfa. Ban ce da saninka aka yi ba, ranka ya daɗe. Amma in ba ka sani ba, to a hannun wa makullan suke kwana?

Roƙona kaɗan ne. A amsa wa Dakta takardarsa, ko da a'a ce, ya daina leƙa ofishinku kamar mai neman aure. A mayar da mu lamba tara, in kuwa wanda aka ba ya fi mu uwa a gindin murhu, a ba mu kowane gida na ƙasa. Ba na son fenti, tsakar gida nake so.

Kada ka ce tsohuwa ta cika gaggawa. Shekaranjiya na ja jiki har kwanar matakalar nan, na auna ta da taɓarya, tunda ba ta da wani aiki. Makara ba za ta juya a wurin ba. Ko dai ku sauko da ni ina numfashi, ko ku tanadi masanan da za su zo su nuna yadda za a fitar da ni.

Allah ya ƙara girma, ya raya maka zuri'a, ya sa ka tsufa a gidan ƙasa.

Wassalam.

Hajiya Ta-Dutsi,
daga saman bene, bayan tasha, Daura.