Na Ɗora wa Kawuna Maganar da Waya Ta Faɗa Min

Assalamu alaikum Admin da jama'ar wannan shafi, Allah ya ƙara rufa mana asiri baki ɗaya. Don Allah a sakaya sunana. Kuma ku daure ku karanta har ƙarshe kafin ku fara yanka ni, domin ni da kaina na riga na yi wa kaina zagin da in aka raba shi zai ishi ƙaramar hukuma guda har a kai wa maƙwabta.

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye tsakanin Tofa da Bagwai. Na doshi hamsin, ga tumbi masha Allah, wanda yake riga ni shiga aji ya gaisa da yara kafin na iso. Duk garinmu an san ni da barkwanci, ko zaman makoki na je sai an mayar da ni can baya kada na sa masu ta'aziyya dariya. Da girmana na koma karatun digiri na ƙarshen mako a birni, duk Asabar na ɗaure littattafai a bayan babur na bi ta Rijiyar Zaki kamar mai kai kaji kasuwa. Da aka zo rubuta kundin kammalawa sai na zaɓi al'adun mallakar gona da itatuwa a yankinmu, na ce wannan ai ko ina barci zan rubuta shi.

Malamar da ke duba aikina, wata Dakta ce mai kirki amma ba ta son wargi. Tun farko ta ce mana, "Ban hana ku amfani da manhajar AI ba. Amma duk abin da kuka ɗauko ku rubuta a fili, ga sunan manhajar, ga tambayar da kuka yi mata, ga ranar. Kada wani ya naɗa mata rawani ya ce min dattijo ce." Wallahi ni na fi kowa dariya a ajin.

Babi na huɗu yana bukatar hira da dattawa. Ni kuwa ina da Kawu, yayan mahaifiyata, shi ne Sarkin Noman garinmu, shi ake kira in an yi rigimar iyaka ya nuna inda ciyawar gamba ta tsaya tun zamanin kakanni. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina. Na je masa da waya zan naɗi hira, aka kawo dafaffiyar gyaɗa, sai labari ya ɓalle min. Da na koma gida na kunna, jama'a, muryata ce daga farko har ƙarshe. Abin da Kawu ya faɗa bai wuce tari da "Allah ya shirye ka" ba. Ga lokacin miƙa aiki ya matso, ga noma, ga jarrabawar yara. Sai na buɗe manhajar na tambaye ta yadda mallakar itatuwa take a gonakin Hausawa. Kafin na gyara zama ta zubo min bayani tsaf, kamar da ita aka yi sharar gonar kakana.

To me ya hana ni rubuta gaskiya? Ba Dakta ta yarda ba? Kunya ce kawai. Ni da aka binne cibiyata a bakin gona, a ce waya na tambaya labarin ɗorawa? Yaran ajinmu na jami'a da nake tsokana kullum ai sai sun yi min waƙa. Sai na goge sunan manhajar, na rubuta cewa hira ce da Sarkin Noma a ƙofar gidansa, na sa cikakken sunansa a manazarta. A cikin bayanin akwai layin da ya ce duk wanda ya sayi gona ya sayi itatuwan da ke cikinta. Na gan shi. Zuciyata ta ce min ba haka muke yi ba, amma jimlar ta yi kyau, kuma wa zai karanta?

Ashe ni zan karanta. Da aka ɗinke kundin da baƙin bango da rubutun ruwan gwal, na rungumo shi zuwa majalisarmu bayan la'asar ina cewa kowa ya yi alwala kafin ya taɓa. Na miƙe ina karanta musu da muryar mai labaran rediyo, ana ta shewa. Sai wani mai fataucin dabbobi, zan kira shi Alhaji Tanimu, ya ce, "Malam, tsaya. Maimaita min wajen nan." Na maimaita har da ƙarin gishiri. Ya zaro waya ya ɗauki hoton shafin. Ni a zatona burge shi na yi.

Na manta shi ya sayi gonar marigayi mijin Gwaggo Hansai, wadda akwai wata babbar ɗorawa a tsakiyarta. A garinmu ɗorawa ba ta bin gona sai an ambace ta ranar ciniki. Shi ya sa har yau Gwaggo ce ke kaɗe ta, da kalwarta take yin daddawar da take ci da marayunta.

Da ɗorawar ta yi fure bana, Alhaji ya kai magana gaban Dagaci. Aka kira Kawu, aka kira ni. Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, abin da muka tashi muka tarar, ɗorawa ba ta bin gona." Alhaji ya nuna hoton shafin ya ce, "To Baba, wannan fa? Ga sunanka, ga sarautarka, jami'a ta buga hatimi. Yau ka faɗi wannan, jiya ka faɗi wancan?" Aka karanta masa layin. Dagaci ya juyo ya ce, "Malam, daga bakinsa ka ji?" Ni da bakina ba ya mutuwa ko cikin barci, ranar nan abin da na iya cewa shi ne, "Ranka ya daɗe, abin da ke rubuce ke nan."

Kawu ya dube ni. Sannan ya ce, "In shi ya rubuta, to na faɗa. Yaron nan wasa ne da shi, amma bai taɓa yi min ƙarya ba. Tsufa ne ya fara taɓa min kai."

Dagaci ya ce kada kowa ya sa ƙugiya a itacen, a dawo Juma'a mai zuwa Kawu ya tsaya a kan magana ɗaya.

Tun ranar Kawu ya canza. An zo kiransa nuna iyaka ya ce a nemi wani, shi yanzu ba ya yarda da kansa. Sai ya idar da salla ya tambayi mutanen gida ko ya yi. Shekaranjiya na kai masa goro, ya kama hannuna ya ce, "In ka ji na sake kauce hanya ka riƙa gyara min, kai ne mai takarda." Ya ce ranar Juma'a abin da ke cikin littafina zai tabbatar, don ba zai ƙaryata ni a gaban mutane ba.

Na koma wajen manhajar na ce mata, kin tabbata da maganar nan kuwa? Nan take ta ba ni haƙuri, ta ce al'ada ta bambanta daga gari zuwa gari, ya kamata na tambayi dattawan yankina. Kun ji fa! Ita ba ta ji kunyar janye maganarta ba, ni ne katon banza na kasa.

In na faɗi gaskiya a fada, Alhaji yana da hoton shafin, kuma na san halinsa, sai ya kai shi jami'armu. Shaidar digirin ba ta fito ba tukuna, za a iya soke komai, na dawo ƙauye ina koya wa yara "kada ku yi satar amsa" da wane baki? In kuma na yi shiru, dattijon da ya goya ni zai tsaya gaban jama'a ya ƙaryata hankalinsa saboda ni, ya ƙarasa rayuwarsa yana zaton ya ruɗe, alhali duk garin ba wanda ya kai shi tunawa.

Na fara zuwa wajen Dakta ne na tona kaina? Ko na durƙusa gaban Kawu tukuna? In na faɗa masa, wanne zai fi yi masa ciwo, zaton kansa ya taɓu, ko sanin cewa ni na yi masa haka? Juma'a tana matsowa. Jama'a, don girman Allah, me zan yi?