Ƙyauren Zauren Baba

Litinin, 14 Afirilu 2025

Baba ya gama sabon gini a Tsarnawa, saura ƙyaure biyu, na zaure da na ɗakinsa. Ya ce na ƙarfe yana ƙona hannu da rana, katako yake so. Wa ya tambaya? Sahiya. Ƙanwata, wadda ta bar lakwal a aji uku na kwaleji, yanzu tana zaune a rumfar katakon mijinta a Konni. Ni da na yi shekara biyar ina karatun gini a Yamai, ina zaune a gefe ina zuba musu shayi.

Alhamis, 17 Afirilu

Ta kai mu rumfar. Ta ƙwanƙwasa katako da ɗan yatsa, ta kara kunne kamar mai zaɓen kankana. "Wanga ya bushe, Baba. Wancan da sauran ruwa cikinai." Baba sai murmushi yake, "Uwata ta san abinta." Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa. Ni kuwa "Madam Injiniya" ce, kuma ban taɓa gane ko yabo ba ne.

Gaskiya katakon na da kyau. Farin ciki ban yi ba.

Asabar, 26 Afirilu

Na ce a bar mini na zaure, wanda kowa zai gani. Baba ya ce to. Sahiya ta ce, "Yaya, ki sa kafinta ya bar wuri kamar faɗin yatsa, saboda damina." Na ce na gode da darasi.

Asabar, 3 Mayu

An kafa su. Nawa ya zauna daram, ko takarda ba ta wucewa ta gefe. Yahuza kafinta ya so ya rage, na hana, na tsaya a kansa da abin awo. Na Sahiya kuwa, kana hango kaji ta tsaga. Ta shafa wa ƙasansa baƙin mai don gara, duk gidan wari.

Liman ya shafa nawa ya ce kamar na ofishin gwamna. Baba yana nan, ya ji.

Laraba, 25 Yuni

Ruwan farko mai ƙarfi. Buro, ofishin da nake aiki a Malbaza, yana yoyo, amma ba ni na gina shi ba.

Juma'a, 25 Yuli

Kwana uku ana ruwa. Yau ƙyauren zaure ya kumbura ya ƙi buɗuwa. Baba a ciki da babbar riga, ana ta kiran salla. Maƙwabta suka tura daga waje, ya ja daga ciki, a banza. A ƙarshe ta katangar maƙwabcinsa Maman aka ɗora masa tsani, dattijo mai shekara saba'in da ciwon gwiwa. Kafin ya isa an sallame. Inna ce ta gaya mini a waya, tana ƙoƙarin danne dariya. Ta ce tunda ya yi wayo bai taɓa rasa Juma'a ba.

Katako yana shan laima ya kumbura ta faɗinsa. Darasin shekara ta biyu ne a jami'a. Na ci goma sha shida bisa ashirin.

Lahadi, 27 Yuli

Na je. Na tarar Yahuza ya cire ƙyauren yana kankare gefen, Sahiya tana nuna masa iyaka da alli. Na shirya jin "ai na faɗa". Sai ta ce wa Baba, "Laifin katakona ne, bana ya cika shan ruwa." Baba ya kalle ta, ya kalle ni, ya ce a kawo mana fura.

Da ta zage ni da ya fi sauƙi. Ko ƙarya ta fi ni iya yi da kyau.

Da zan tafi na durƙusa na ce, "Baba, ni na hana a rage." Ya ce, "Na sani, Ummulkhairi." Da sunana.

Talata, 5 Agusta

Littattafaina sun gaji da zama cikin kwali, ina son a yi musu kanta, kuma gidan hayar nan gara ta yi masa yawa. Na kira Sahiya don in tambayi lafiyar yara. Mun yi minti arba'in. Sai da na kashe na tuna ban tambayi yaran ba.